Takun da Ban Yi Ba

Litinin, 1 ga Satumba

Auta, 'yata, ce ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta awon jinina safe da yamma. Na'urar awon ma ba ta kawo ba tukuna, don haka zan fara da rubuta abin da ke tayar min da jinin.

Yau mun tarar da takarda manne a allon tasha. Duk direban da ya haura shekara hamsin za a gwada lafiyarsa ranar 13 ga Oktoba. Ido, nauyi, jini. Wanda jininsa ya wuce ɗari da arba'in, a sauke shi daga kan sitiyari har sai abin da hali ya yi. Manaja ya ce ba daga shi ba ne, daga sama ne. Kullum daga sama ne. Shekara talatin da ɗaya ina jan motar fasinja, ko kaza ban taɓa takawa ba, amma wani da bai san birki da kuloci ba ya zauna cikin sanyin ofis ya yanke cewa lamba ce za ta faɗi ko na iya tuƙi.

Bara suka ɗaura mana wani akwatin na'ura a ƙarƙashin gaban mota. Mu direbobi Munafuki muke ce masa. Ka taka wuta ya kai rahoto, ka taka birki da ƙarfi ya kai rahoto, ka tsaya inda ba tasha ba ya kai rahoto. Ramin da ke kan titi kuwa bai taɓa kai rahotonsa ba. Sun gama da motar, yanzu sun dawo kan jikinmu.

Dogo, abokina mai jan mota ta bakwai, ya karanta takardar ya ce, "Mu tsofaffi suke son kora, kunyar faɗa suke ji." Gaskiyarsa. Shekara huɗu suka rage min in ajiye aiki da mutuncina. In aka sauke ni yanzu, a farfajiyar tasha zan ƙare, da takarda a hannu, ina kallon wasu na fita da motata.

Laraba, 3 ga Satumba

Auta ta ja ni asibiti, wai gara mu san inda muke tun da wuri. Likitar mace ce, ba ta girmi Auta ba. Ta auna jinina, ɗari da sittin da takwas.

Ta ce, "Baba, awa nawa kake zaune a rana?" Na ce goma. Ta ce motsa jiki fa? Na ce 'yar nan, ki juya sitiyarin motar mutum sittin a cikin cunkoso na awa ɗaya, sai ki zo mu yi maganar motsa jiki. Ta yi dariya, amma abin da ta yi niyyar rubutawa shi ta rubuta. Ƙwaya ɗaya da safe, a rage gishiri, a yi tafiya a ƙasa, taku dubu takwas kullum. In dawo ranar 22.

Dubu takwas. Wa ya ƙirga ya ga dubu takwas ne, ba bakwai ba?

Juma'a, 5 ga Satumba

Na'urar awo ta iso, ta taho da ɗan rakiya. Agogon hannu baƙi, fuskarsa kamar ƙaramar waya. Wai yana ƙirga takun mutum ya aika wa Auta a wayarta, can gidan mijinta. Na ce wato Munafuki ya haihu, an ɗaura min ɗan a hannu. Ta ce, "Baba, don Allah. Mako shida ne kawai." In ta ce don Allah da wannan muryar ba na iya musu, kuma ta sani.

Abincin gida ya koma lami. Na tambayi uwar yara ko gishiri ne ya yi tsada. Ta ce a'a, kai ne ka yi tsada.

Safe 165, yamma 170.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ranar hutuna, na fita tafiyar da ake ta magana. Ban kai kwanar gidan mai ba, mai facin taya ya taso. "Baba direba, lafiya? Ina motar?" Na ce tafiya nake. Ya ce zuwa ina? Na ce ba ko'ina. Ya dube ni kamar wanda ya fara taɓuwa. Gaba kaɗan mai babur ya tsaya wai in hau kyauta, ya ji an fara rage ma'aikata a kamfaninmu, Allah ya ba ni haƙuri.

Sannan ina ma mutum zai sa ƙafa? Gefen titi masu shaguna sun baje kaya, inda babu kaya an ajiye motoci, inda babu mota lambatu ne a buɗe. Su masu cewa a yi tafiya, a kan inji suke yin tasu cikin ɗaki, fanka na kaɗa su.

Na dawo gwiwa na kuka. Taku 2,300. Auta ta turo min hoton fuska mai hawaye. Ni da na haife ta.

Talata, 9 ga Satumba

An rufe babban titi ana gyaran gada, an mayar da mu tsohuwar hanyar bayan masaƙa. Wannan ba hanya ba ce, ramuka ne aka haɗa da 'yar kwalta. Sawu shida na yi, sitiyari na rawa a hannuna kamar zai zare min kafaɗa.

Wajen la'asar agogo ya yi zir a hannuna, ya kawo hoton tuta. Na duba. Taku 9,400. Ni da tun safe ban sauka daga kujera ba sai salla da bayan gida. Ashe jijjigar sitiyari yake ƙirgawa, kowane rami taku ne a wurinsa.

Kafin in gama dariya Auta ta kira. "Baba, ka gani ko? Na san za ka iya." Har muryarta na rawa. Na buɗe baki zan faɗa mata, sai fasinjoji suka fara buga jikin mota wai lokaci ya yi. Na ce sai an jima.

Laraba, 10 ga Satumba

11,200. Ni dai ban ce na yi tafiya ba. Agogo ne ya ce.

Asabar, 13 ga Satumba

Na gaya wa Dogo a wurin mai shayin tasha. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce na'ura ta zo cutar ka, na'ura ta cece ka, wannan shi ne adalci. Ya ce ai jijjiga ma motsa jiki ce, da gaske ne, a waya ya gani.

Shi ya gama shirinsa. Maƙwabcinsa na shan maganin hawan jini, zai ba shi ƙwaya biyu ya haɗiye da safen ranar gwaji, ya zauna a inuwa na rabin awa, shi ke nan. Na ce ka taɓa aunawa ma? Ya ce Allah ya kiyaye, abin da ba ka auna ba bai same ka ba. Kusan shekara ke nan yana dafe ƙeya, yana sayen maganin ciwon kai a kemis yana taunawa kamar gyaɗa. Wane ni in yi masa faɗa, ni da nake tafiya a zaune.

A gida uwar yara tana goge min takalmi, ta juya ƙasansa ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Takalmin nan bai san da tafiyar da kake yi ba." Na ce ke ma kin shiga aikin hukuma ne? Ta ajiye shi ta tashi.

Laraba, 17 ga Satumba

Manaja ya tare ni a bakin ofis. Munafuki ya ce na taka birki da ƙarfi sau goma sha huɗu a rana ɗaya, in riƙa tuƙi a hankali. Na ce ranka ya daɗe, ka taɓa bin hanyar bayan masaƙa? Ya ce shi abin da allo ya nuna masa yake gani.

Rami ɗaya ne. Agogo ya ba ni lada a kansa, akwati ya ba ni zunubi, kuma da shi da shi ba wanda ya san rami ne. Waɗannan ne aka ce sun fi mu sanin aiki.

Safe 166. Ba ya ko motsi.

Litinin, 22 ga Satumba

Mun koma wurin likita. Auta ta ɗauki hutun rabin rana don ta raka ni. Tun kafin mu zauna ta miƙa mata waya. Ga tafiyata nan a jere kamar benaye, dubu goma, dubu sha ɗaya, dubu goma. Ranar Lahadi kawai ake samun giɓi, Auta ta ce ai jiki ma na son hutu. Likita ta ce masha Allah, Baba ya fi ni. Sannan ta ɗaura min abin awo a dantse. 164.

Ta daɗe tana kallon lambar. Ta ce, "Mutum na wannan tafiyar, ya bar gishiri, yana shan magani, kuma jini bai sauka ba. To ba mu da zaɓi, sai an ƙara." Ta tambaye ni ko akwai abin da ya kamata ta sani. Auta na gefena tana murmushi, hannunta a kafaɗata.

Na ce babu.

Ta ƙara min ƙwaya ta biyu, fara, ta ce tana sa fitsari, in riƙa shan ruwa sosai. A hanyar gida haushi nake ji, na rasa wanda zan ji wa. Na sauke shi a kan wani mai babur da ya kusa taka min ƙafa, kuma na yi masa fiye da laifinsa.

Alhamis, 25 ga Satumba

Wannan ba ƙwaya ba ce, famfo ne. Daga tasha zuwa ƙarshen layi minti hamsin ne in hanya ta yi kyau, ta bayan masaƙa ya fi awa, kuma kowane rami sai ya tuna maka da mararka. A ƙarshen layin akwai bayan gida, an sa masa kwado tun bara, makullin na wurin wani da ba wanda ya san shi. Jiya sau uku na tsaya a gidan mai. Fasinjoji na ta tsaki, wata ta ce ko Baba ya buɗe shago ne a ciki.

Yau Manaja ya kira ni ofis, ya juyo min da fuskar kwamfuta. Jajayen ɗigo uku jiya, biyu shekaranjiya. Tsayawa ba bisa ƙa'ida ba. Na ce ranka ya daɗe, fitsari ne. Ya ce babu gurbin fitsari a cikin fom ɗin. Wallahi haka ya ce, ko murmushi bai yi ba. In ɗigon tsayawa ya kai goma a wata, takardar gargaɗi ce. Na ce doka ɗaya ta ce in sha magani, ɗaya ta ce kar in tsaya, wacce zan bi? Ya ce duka biyun.

Na fito raina na tafasa. Mutum da furfurarsa, yana tsaye gaban sa'an ɗansa yana bayanin mararsa.

Asabar, 27 ga Satumba

Na samo mafita. Ba shayin safe, ba ruwa, sai na ajiye mota da yamma. Ƙwayar da yawu nake haɗiye ta. Jiya ɗigo ko ɗaya babu. Baki na bushewa kamar takarda, amma an sha wuyar da ta fi wannan.

Talata, 30 ga Satumba

Safe 128, yamma 122. Na kai wa uwar yara na'urar har ɗakin girki, na ce karanta da kanki. Ta ce Allah ya sa na ɗorewa ne. Ita dai ba ta iya farin ciki kai tsaye ba, sai ta bi ta kwana. Na tura wa Auta hoton, ta turo min zukata jajaye har guda biyar.

Su zo da gwajinsu.

In na miƙe da sauri ƙasa kan ɗan juya min. Ban gaya wa kowa ba, nan kawai na rubuta.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Zan rubuta yadda ya faru yanzu, don in na bari zan fara gyara shi a raina.

Sawu na huɗu, wajen ƙarfe biyu, rana ta take. Mota cike, har da na tsaye. Mun fito daga hanyar masaƙa muna gangarowa shataletalen kasuwa. Na ɗaga ido in duba madubi, sai madubin ya yi nisa. Gefen idanuna ya yi duhu kamar ana jan labule daga ɓangare biyu, kunnuwana suka toshe. Ina jin ƙafata a kan totur amma kamar ta wani ce. A gabana mutane na tsallaka titi, na tuna wata mai jar lema, na tuna wani mai tura baro.

Ban san yadda aka yi ba. Hannu da ƙafa ne suka yi aikin da suka saba, ni ba na nan. Da ido ya dawo motar na tsaye, tayar gaba ta hau dakalin gefen titi, hancinta bai fi kamu biyu ba daga teburin wata mai sayar da lemo. Tana tsaye da wuƙa a hannu da rabin lemon da take ferewa. Ko matsawa ba ta yi ba, kallona kawai take.

Cikin mota zagi ta ko'ina. Wani ya ce barci nake, wani ya ce na sha wani abu. Wata dattijuwa kusa da ƙofa ta miƙo min gorar ruwanta. Na shanye tas, ko godiya ban yi ba.

Na kira ofis na ce birki ne ya ja gefe ɗaya. Aka turo wata motar ta kwashe su.

Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji a kan titi ba.

Juma'a, 3 ga Oktoba

Bakanike ya kwance tayoyin gaba duka biyu, ya ce birkin nan ko sabo albarka. Ya dube ni ta ƙasan ido, sannan ya rubuta an daidaita. Mun san juna tun ba yau ba.

Munafuki kuwa ɗigo ɗaya ya ba ni, taka birki da ƙarfi. Iyakar abin da ya gani ke nan, shi da aka ce an sa shi ne don kare rayukan mutane.

Kwana goma suka rage. Jinina 124. In na ja bakina na yi shiru, na ci gwajin, na ci shi da kyau. In na gaya wa likita dole ta rubuta, in ta rubuta an sauke ni. Gaba kura, baya sayaki.

Na yi sawu shida yau da gora a gefe, ina kurɓa kaɗan-kaɗan. Duk inda na tsaya sai na ƙirga kawuna a madubi, abin da ban taɓa yi ba. Sawun ƙarshe hamsin da bakwai ne.

Lahadi, 5 ga Oktoba

Auta ta zo da kwali. Takalmin tafiya, mai taushin ƙasa. Ta ce, "Na san naka ya cinye zuwa yanzu." Ta durƙusa za ta gwada min.

Uwar yara ta shiga ɗaki ta fito da tsohon takalmina, ta ajiye kusa da sabon, ta kifa shi ƙasan na kallon sama, ta koma wurin girkinta. Auta ta dubi takalmin, ta dube ni.

Na faɗa mata. Ramukan, da ƙwayar, da barin ruwan, har mai lemon.

Na zaci kuka za ta yi, ba ta yi ba. Ta zauna a ƙasa inda take. Ta ce, "Ni na miƙa wa likita wayar, Baba. Da hannuna." Can kuma ta ce, "Da ka taka matar nan, da ni da kai muka taka ta."

Sai na kama borin kunya. Na ce wa ya aike ki ɗaura min ɗan leƙen asiri? Tun kafin a haife ki nake tuƙi. Na ce ku ne kuka yarda da na'ura fiye da idonku, da kin zo kin gani ko sau ɗaya ai da kin sani. Na kwance agogon na ajiye mata a kan kwalin. Ta ce haka ne, Baba. Ta ɗauki agogon, ta bar takalmin, ta tafi ba ta ci abinci ba.

Uwar yara ta fito tana goge hannu. Ta ce ka gama? Na ce na gama. Ta ce to gobe da ni za ka asibitin, ko kai kaɗai?

Litinin, 6 ga Oktoba

Ni kaɗai na je.

Likita ta saurare ni har ƙarshe, ta ajiye biro. Ta ce, "Baba, na tambaye ka." Na ce kin tambaya. Ta ce da ta san gaskiya da ba wannan hanyar ta bi ba, kuma wanda ke shan farar ƙwayar nan ya hana kansa ruwa a cikin rana, Allah ne kawai ya tsare. Ta cire ta, ta sauya min wata. Sannan ta jawo takardar kamfani. Wata uku ba tuƙi, a sake duba ni a Janairu.

Na roƙe ta, ba zan ɓoye ba. Na ce ta mayar da shi wata ɗaya. Na ce ai ga jinin ya sauka. Ta ce ba sauka ya yi ba, faɗowa ya yi. Ta ce, "Za ka sa 'yarka a motar da direbanta ya ga duhu ranar Alhamis?" Na ɗauki takardar na fito.

Ga ribar gaskiya nan. Da na yi shiru da yanzu ina kan kujerata.

Laraba, 8 ga Oktoba

Abin da na guda shi ya same ni. Farfajiyar tasha, da takarda a hannu.

Manaja ya karanta takardar likita sau biyu. Ya ce, "Baba, ka san da ka yi shiru da ka wuce?" Na ce na fi ka sani. Ya ba ni tagar makullai. Ƙarfe shida na safe direba ya zo ya sa hannu, in ba shi makullin motarsa, in sa alama a wani ɗan gurbi da ke cewa ya zo aiki cikin ƙoshin lafiya. Wanda na gada tun Litinin yake cike guraben mako guda don kar ya wahala. Bayan an fita kuma in zagaya motocin da suka rage, in duba taya da fitila.

Direbobi na gaishe ni a hankali, kamar an yi min rasuwa. Na fi son su yi min dariya.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ranar gwaji. Dogo ya haɗiye ƙwayoyin maƙwabcinsa, ya zauna a inuwa, ya shiga ya fito yana kaɗa takarda. 134. Ya zo tagata ya ce, "Ka ga yadda ake yi. Kai ka je ka tona wa kanka asiri, wa ya ba ka lambar yabo?" Na ci gaba da jera makullai.

Mutum uku aka sauke. Dokar ta kama mai gaskiya, ta kama wanda ba shi da maƙwabci mai ƙwaya, sauran sun wuce. In wannan ne gwajin, gara a jefa kwabo sama.

Laraba, 15 ga Oktoba

An ba wani sabon direba motata. Daga tagar nan ina jin yadda yake kankare mata giya ta biyu. Na toshe kunne.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Auta ta kira, karo na farko tun ranar. Uwarta take kira kullum, ni ina jin su. Ta ce awo nawa? Na ce 146. Ta ce to. Na ce kwana uku ke nan a ƙafa nake dawowa daga tasha. Ta ce, "Ban tambaye ka ba, Baba." Amma ba ta kashe wayar ba, ina jin ƙarar ruwa a ɗakin girkinta.

Laraba, 22 ga Oktoba

Dogo ya zo taga ƙarfe shida da 'yan mintoci. Ido ja, hannu a ƙeya. Na miƙa masa takarda ya sa hannu, sai ya sa a layin mota ta takwas. Na ce ba nan ba. Ya sake, biron ya sauka tsakanin layi biyu. Ya ce hasken wurin nan ne ba kyau.

Na ce bibbiyu kake gani? Ya murza ido. Can ya ce tun jiya ne, zai wuce, da ya sha iskar hanya shi ke nan.

Makullin mota ta bakwai na hannuna, na riga na ciro shi daga ƙusa. Ya miƙo hannu. Na ce Dogo, zauna tukuna. Ya ce ba ni makulli, ni na ci gwaji, kai ne ka faɗi. Na ce ka ci, ina wurin. Ya sunkuyo ya rage murya. Ya ce shekara ashirin da biyar muna shan shayi a benci ɗaya, ka san mutum nawa ke ci a hannuna, sa alamar nan ka ba ni abina. Na sani. Na san su da sunayensu, ni na kai matarsa asibiti a haihuwarta ta uku.

Na sa makullin a aljihu.

Manaja ya fito, na ce ba zan sa alama ba, in yana so ya sa da hannunsa. Ya dubi Dogo, bai karɓi biron ba. Da za a tafi da Dogo asibiti ya juyo ya ce min Allah ya isa tsakanina da kai. A gaban kowa ya faɗa. Ta yi min zafi, har yanzu tana yi.

Ina nan kan bakana, dokar banza ce, wanda ya rubuta ta bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ba don ita na yi ba. Takardar ma ba ta faɗi abin da za a yi ba in mutum ya ƙi sa alama, sai da Manaja ya buga waya sama ya tambaya.

Mota ta bakwai ta fita ƙarfe tara da wani direban. Da yamma na biya ta gidan Dogo. Matarsa ta fito ta ce yana kwance, an auna shi ɗari biyu da goma, kuma ya ce ba ya son ganina. Na ce ba komai. Na ɗan zauna a dakalin ƙofar, sannan na tashi. Gobe ma zan biya.